Tagar umarni ta ƙi buɗewa ga ɗalibai: asusun ne ko na'urar?

Malam, ka ce a ɗakin kwamfutar makarantarku da ke wajen Ringim, inda kwamfutocin ke aiki da babbar manhajar Ubuntu, tagar rubuta umarni tana buɗewa idan ka kira ta da sudo (umarnin da ke ba mutum ikon shugaban na'ura), amma ɗalibi yana dannawa sai ta ƙi, ko ta leƙo ta ɓace. Kana tambaya ko ka sake zuba manhajar gaba ɗaya. Dakata tukuna. Ciwo biyu ne masu kama da juna, maganinsu daban.

Ka fara da gwaji: danna Ctrl+Alt+F3, ka shiga baƙin allo da asusunka, ka ƙirƙiri sabon asusu da sudo adduser gwaji, sannan ka koma allon da aka saba, ka shiga da shi ka buɗe tagar. In ta buɗe, laifin na tsohon asusun ɗalibin ne. In ta ƙi, na na'urar ne.

Ciwon asusu shi ya fi yawa, kuma yawanci da hannunmu muke jawo shi. Wanda ya buɗe asusu da useradd ba tare da -m ba, ya bar ɗalibi babu jakar gida, wato folda ta kansa, tagar ba ta da inda za ta ajiye saitinta. Wani lokacin jakar tana nan, amma an taɓa buɗe wata manhaja da sudo a cikinta, fayilolin .config ko .cache suka koma mallakar root, wato asusun shugaban na'ura. Mai ɗaki ya zama baƙo a ɗakinsa. Rubuta ls -la a jakar, duk inda ka ga root a gurbin sunan ɗalibin, ka mayar masa da kayansa da sudo chown -R, sunansa, sai hanyar jakar. Ita kuwa tagar da ke leƙowa ta ɓace, duba ƙarshen layin ɗalibin a /etc/passwd, fayil ɗin da ke ɗauke da jerin asusai. In ka ga /bin/false ko /usr/sbin/nologin, to an hana shi shell ne, wato manhajar da ke karɓar umarni, sudo chsh -s /bin/bash tare da sunansa zai gyara.

Ciwon na'ura kuwa ba ya zaɓe, kowa yake kamawa sai root kaɗai, har kai ma in ba ka sa sudo ba. Kowace taga sai ta nemi layin magana ta ƙofar /dev/ptmx. Izinin ƙofar ya kamata ya zama 666, wato kowa ya iya karatu da rubutu, sannan /dev/pts a ɗaure da gid=5 da mode=620. Duba da mount | grep devpts. In lambobin sun bambanta, leƙa /etc/fstab, fayil ɗin da ke faɗin abin da za a ɗaura lokacin tashin kwamfuta, ko wani ya saka layin da bai dace ba. Gyara da chmod kawai ba ya ɗorewa, ana kashe janareta a sake kunnawa ya koma gidan jiya.

Na farko gyaran minti biyar ne, ba ya cin data ko kaɗan, abin da ke da muhimmanci a inda sai an ɗaga waya sama ake samun sabis. Na biyun yana son natsuwa, don kuskure a fstab kan hana kwamfuta tashi, saboda haka ka kwafi fayil ɗin ka ajiye kafin ka taɓa.

Abin da nake roƙonka, kada gajiya ta sa ka ba yara izinin sudo don tagar ta buɗe. Yaro ɗaya mai son gwaji zai iya share aikin zango guda. Yi gwajin sabon asusun, ka turo mana abin da ls -l /dev/ptmx ya nuna.