Wace kat-kat ce za ta iya da hanyarka?

Da kawuna ya dawo Tahoua daga Abijan da ɗan abin da ya tara, maganarsa ɗaya ce: V8 yake so, babbar motar nan mai silinda takwas, baƙa wuluk, irin wadda in ta tsaya ƙofar gidan biki ake ɗage tabarma a ba ta wuri. Na ce, "Kawu, ina da ina za ku riƙa zuwa da ita?" Ya ƙirga a yatsu: gida zuwa kasuwa, gona ran Lahadi, Ƙonni wata-wata, Yamai sau biyu ko uku a shekara. Duk cikin lissafin babu inda zai taka rairayin da ke neman silinda takwas. Da wannan ƙirgen ya kamata mai neman kat-kat, wato mota mai jan ƙafa huɗu, ya fara, tun bai taka wurin dillalai ba.

Motocin da muke haɗawa mu kira kat-kat ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai ƙanana irin su Toyota RAV4, Honda CR-V da Hyundai Tucson. Ƙirarsu ta ƙaramar mota ce aka ɗaga, ba su da shasi na daban da aka ɗora jiki a kai. Ba su cika shan mai ba, suna da daɗin tuƙi, kuma tafiyar Yamai, kilomita ɗari biyar da wani abu ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, ba za ta gagare su ba. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa daga Amurka ƙafafun gaba kawai ke ja. Dillali zai rantse maka kat-kat ce. Kai dai durƙusa ka leƙa ƙarƙashi: in ba ka ga dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa ƙafafun baya ba, tsayi kawai ka saya. Ga wanda bai sauka daga kwalta ba, wannan ba aibu ba ne, amma kada ya biya kuɗin abin da babu.

Na tsakiya su ne Prado, Fortuner, 4Runner da Pajero. A ganina nan ne yawancin mutanen Adar ya kamata su tsaya su yi tunani, musamman mai zirga-zirga wajen Keita, Bouza ko Illela, inda dutse da gargada ke kwance duk wani kusa da bai ɗauru ba. Prado na da shasi na gaske da ƙaramar giya ta hawa dutse da fita daga yashi. Samfurin 120, wanda aka ƙera daga 2002 zuwa 2009, har yau yana ko'ina, kuma kusan duk garejin da ka shiga akwai wanda ya taɓa kwance shi ya ɗaura. Pajero ma jaruma ce kuma ta fi sauƙin kuɗi wajen saye, amma Mitsubishi ya daina ƙera ta a 2021, kuma in wani abu ya lalace a nan, sau da yawa sai an aika Yamai ko Kano. Araha ranar saye, jira ranar gyara.

Sai uwar daji, Land Cruiser 70, wadda ake ƙerawa tun 1984. Injinta 1HZ, gazuwal mai lita 4.2 da silinda shida, ba shi da turbo, ba shi da tarkacen lantarki, shi ya sa masu Abalak da Cintabaradan da hanyar Agadas ba sa son jin sunan wata. Amma a cikin gari azaba ce: tana jijjiga ƙugu, ba ta da saurin tashi, kuma ta hannu ma tsadarta ba ta sauka. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: ita ce motar da masu tare hanya suka fi kwaɗayi a wasu yankuna. Wanda aikinsa bai kai shi daji ba, bai da dalilin ɗaukar wannan nauyi.

Fetur ko gazuwal? A ragin da aka yi a 2024 litar fetur ta koma sefa 499, ta gazuwal 618, don haka ribar gazuwal sai ga mai doguwar tafiya da kaya. Abin da na fi tsoro shi ne sabbin injunan gazuwal na Turai. An yi su ne don mai tsabtatacce ƙwarai, suna da matatar hayaƙi da ke toshewa, kuma allurorin mansu ba sa yafe ruwa ko datti ko kaɗan. Kwalba biyu ta man bakin hanya na iya jawo maka gyaran da ya kai kuɗin babur sabo. Mai zama cikin gari, Prado mai fetur 2.7 ta ishe shi, ko da yake raguwa ce a hawa in an cika ta.

Ka tambayi inda motar ta fito. Ta Kanada da arewacin Turai ta sha gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara, sai ka ga fenti na ƙyalli, shasi kuwa tsatsa ta cinye. Ta Amurka wani lokaci ambaliya ce ta nutsar da ita: ɗaga shimfiɗar ƙasa ka sunsuna, ka duba ramin safaya ko akwai busasshen taɓo. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta zo daidai da ta takardun duwan, harafi bayan harafi. Kuma ka je da makanikinka, ba wanda dillali ya nuna maka ba.

Yanzu ga inda na fi son mai saye ya ɓata lokaci, wato taya. Ni kaina na ɗanɗana. Wani mai sayar da tayoyin hannu ya haɗa ni da guda biyu masu zane raɗau, kamar ba su taɓa taka ƙasa ba. Cikin Afrilu, rana tsaka, na wuce Badagishiri kaɗan, sai na ji kamar an harba bindiga a bayana, motar ta fara rawa da gindi. Allah ya sa ban danne birki ba, na riƙe sitiyari da hannu biyu na bar ta ta rage gudu da kanta har na sauka gefe. Mai facin da na kai wa ya tofa yawu a gefen tayar, ya goge da babban yatsa, ya ce, "Maigida, karanta nan." Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu: 1114. Ya ce, "Sati na 11, shekarar 2014. Wannan ta girmi ɗanka na fari." Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, kuma kwaltar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ba ta raga wa tsohuwar taya. Wadda ta haura shekara shida, ka sa kuɗin sabuwa cikin cinikin motar tun daga farko, har da safaya.

Dalilin da ya sa fashewar taya ta fi muni a kat-kat shi ne tsayin nan da muke so. Nauyinta na sama, don haka kaucewar gaggawa da ƙaramar mota za ta shanye, ita sai ta kifa. Jaki ya faɗo hanya, ko amalanke marar fitila da magariba, direba ya fizgi sitiyari, shi ke nan. In aka ɗora buhunan albasa ko jarkoki a kan kariyar saman mota, an ƙara tura nauyin sama. Kaya masu nauyi ƙasa ake sa su, a ɗaure. In kuɗinka ya kai, nemi mai na'urar hana zamewa, wadda Toyota ke kira VSC. Amurka ta wajabta irinta a kan sabbin motoci daga samfurin 2012. Bel kuwa har na baya su ɗaura, don in mota ta yi juyi, wanda bai ɗaura ba ta taga yake fita. Kat-kat tana taimaka maka wajen tashi ne, ba ta rage maka nisan tsayawa ko taku ɗaya.

Ka kuma san irin kat-kat ɗin da ke hannunka. A yawancin Prado kullum ƙafa huɗu ke ja. Land Cruiser 70 da Hilux kuwa kai ke sa giyar ƙafa huɗun, kuma in ka bar ta a kan busasshiyar kwalta, kana murɗe ƙarafan ƙarƙashi ne a banza. A rairayi ana rage iskar taya don ta baje, amma da an hau kwalta a mayar, shi ya sa ƙaramin famfo ya fi sabuwar rediyo amfani. Da damina kuma in korama ta kawo, a jira. Ruwan da ya shiga ta hancin injin yana lanƙwasa ƙarfen ciki nan take, ruwa mai gudu kuma yana ɗaga mota komai girmanta.

Kulawar yau da kullum ba ta da yawa. Matatar iska ita ce ke shan wahalar hunturu, a riƙa buɗe ta ana dubawa, kada a jira ranar canjin baƙin mai. A duba ruwan lagireto da safe injin na sanyi. Mai gazuwal ya riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan matatar mai, ya kuma tambayi yaushe aka canza bel ɗin cikin injin, don in ya tsinke a kan gudu ba ƙaramar ɓarna yake yi ba.

Kawu dai bai sayi V8 ba, ko da yake har yanzu in ta wuce sai ya bi ta da kallo. Prado 120 mai fetur ya ɗauka, fara, bayan makanikinsa ya yi kusan awa guda kwance a ƙarƙashinta. Tayoyinta huɗu na 2016 ne, sai ya sa aka rage masa kuɗinsu a ciniki, ya canza su tun kafin ya baro Yamai.