Zaɓen horo ga matuƙan injin ɗaga kaya na sama da masu ɗaurin kaya

Injin ɗaga kaya na sama, wato wanda gadarsa ke tafiya a kan dogo biyu can kusa da rufin masana'anta ko rumbun ajiya, yana da sauƙin tuƙi a ido. Maɓallai shida ne: sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu. Cikin minti goma mutum zai iya latsa su. Wannan sauƙin ne ke sa masu kamfani su ɗauki horo mafi arha, a ba ma'aikaci takarda, a ce an gama. Alhali kaya sun fi faɗuwa ta dalilin abin da aka yi a ƙasan ƙugiya: an ƙiyasta nauyi da ka, an ɗaura sarƙa a karkace, ko an ja kaya daga gefe.

Saboda haka kafin ka nemi farashi, ka tantance wa za a horar da kuma a kan wane aiki. Ayyuka uku ne: mai tuƙa injin, mai ɗaure kaya, da mai ba da ishara da hannu. Inda matuƙi ke zaune a ɗaki a sama, mutane daban-daban ke yin su. Inda ake sarrafa injin daga ƙasa da akwatin maɓallai mai rataye ko rimot, galibi mutum ɗaya ne ke ɗaurewa, ya ɗaga, ya bi kayan da ƙafa. Idan naka irin wannan ne, kwas ɗin tuƙi kaɗai rabin abin da kake bukata ne. Wasu masu horarwa suna sayar da tuƙi daban, ɗauri daban, kuma ba za su faɗa ba sai ka tambaya.

Hanyoyin da ake da su

Kwas na intanet shi ne mafi arha, kuma yana da amfaninsa. Yana koyar da sunayen sassan injin, dokoki, karanta alamar nauyi da lissafin kusurwa. Ma'aikaci na iya maimaita darasi sau nawa ya so. Amma bidiyo ba ya koya wa hannu kashe lilon kaya. Idan gada ta tsaya kayan suka ci gaba da lilo, sai matuƙi ya ɗan tura injin ya bi su daidai lokacin da suka kai ƙarshen lilon, ƙugiya ta dawo saman kayan. Wannan sai da injin gaske. Ka ɗauki kwas na intanet a matsayin share fage, kuma ka tabbata yana cikin harshen da ma'aikatanka ke ji sosai.

Cibiyar horo tana da malami da injin gwaji, kuma ma'aikaci yana nesa da matsin aiki, ba mai kiransa ya zo ya sauke mota. Ta dace da sabon shiga, ko kamfani mai mutum biyu ko uku kacal. Rauninta shi ne kayan da ake gwaji da su: dunƙulen kankare mai kyau, nauyinsa a rubuce, zobensa a tsakiya. A wurin aikinka kuwa akwai kayan da nauyinsu ya karkata gefe ɗaya, da faranti mai kaifin baki, da damin bututu masu zamewa. Duk wanda ya dawo daga cibiya sai an zagaya da shi injin gida kafin a sake masa shi.

Kawo malami cikin kamfani shi ne abin da muke fifitawa ga duk mai ma'aikata da dama. Ana koyo a kan injinka, da sarƙoƙinka, da kayan da kuke ɗagawa kullum. Malamin kirki kan fara da zagaya wurin, ya ciro lalatattun maɗaurai daga inda aka rataye su, darasi ya fara daga nan. Kuɗinsa na gaskiya ba na malami ba ne kaɗai, har da sa'o'in da injin zai daina aiki, kuma a nan ake samun matsala. Idan shugaban sashe ya ce a ba da injin na awa ɗaya kawai ga mutum goma sha biyu, kowa zai samu minti biyar, wanda bai isa komai ba. Ka ware lokacin injin a rubuce tun kafin malami ya iso, ka kuma tambayi mutum nawa yake ɗauka a zaman aikin hannu. Huɗu zuwa shida ga injin ɗaya adadi ne mai ma'ana.

Akwai kuma horar da ɗaya daga cikin ma'aikatanka ya zama malamin gida. Ga babban kamfani mai yawan ɗaukar sababbi, wannan yana rage kuɗi a kan lokaci. Haɗarinsa biyu: mugun halin da ya saba da shi zai gadar wa kowa, kuma da wuya ya kayar da abokin aikinsa a jarrabawa. Maganin shi ne malamin gida ya koyar, wani daga waje ya jarraba.

Na'urar kwaikwayo, wato kwamfutar da ake gwada tuƙi a kanta kamar a inji na gaske, tana da kyau ga manyan injuna masu ɗakin matuƙi, kamar na masana'antar narka ƙarfe, inda ba a koyo da kuskure. Ga ɗaurin kaya amfaninta kaɗan ne.

Abin da za ka nema a cikin manhaja

A nan ake gane kwas na gaske. Ka karɓi manhajar ka duba ko akwai lissafin nauyi. Ƙarfe yana da kilo 7,850 a kowane dunƙule mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi, kankare kuma wajen 2,400. Farantin ƙarfe mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, kaurin milimita 25 yana da kusan kilo 393. Wanda aka horar da kyau zai fitar da wannan da abin awo da kalkuleta, ya kuma haɗa nauyin maɗaurai da sandar ɗagawa a kai.

Sai kusurwa, wadda ta fi komai yaudara. A ce kaya tan 2 ne, an rataye su da sarƙa mai ƙafa biyu. Idan ƙafafun a miƙe suke tsaye, kowace tana ɗauke da tan 1. Idan suka buɗe har kusurwar da ke tsakanin sarƙa da saman kayan ta zama digiri 60, kowace tana ɗauke da kusan tan 1.15. A digiri 45 ta kai tan 1.41. A digiri 30 kowace ƙafa tana ɗauke da tan 2 cur, nauyin kayan gaba ɗaya, ga kuma matsi da ke danne kayan daga gefe biyu. Yadda ake shiga wannan tarko sananne ne: sarƙa ta yi gajarta, ba a so a je a ɗauko doguwa, sai a buɗe ta ta kai. Malamin da bai sa ɗalibai sun yi wannan lissafi da hannunsu ba bai koyar da ɗauri ba.

Haka ɗaurin zarge, inda maɗauri ke zagaye kayan ya shiga cikin kansa: yana rage ƙarfinsa zuwa kashi 75 ko 80 cikin 100. Sarƙa mai ƙafa huɗu a kan kaya marasa lanƙwasa ba ta raba nauyi daidai, don ƙafa biyu na iya ɗaukar kusan duka. Kusa mai zobe a ka da ake murɗawa cikin jikin inji tana rasa mafi yawan ƙarfinta idan aka ja ta a karkace, wadda ba ta da kafaɗa (faffaɗan gindi a ƙasan zoben) ma ba a janta sai a miƙe. Zoben ƙarfe mai fil idan aka ja shi daga gefe sosai ƙarfinsa na komawa rabi, kuma ba a maye fil ɗinsa da wani bol da aka tsinta a wurin aiki.

Duba maɗaurai ma ya zama da hannu. Bel na zare yana yankewa a bakin ƙarfe mai kaifi nan take, shi ya sa ake sa masa kariya a kowace kwana. Na nailan ba ya jure asid, na foliyesta ba ya jure sinadarai irin su soda mai ƙuna. A tsarin Turai launi na nuna ƙarfi, shunayya tan 1, kore tan 2, rawaya tan 3, amma lakabin da ke jiki shi ne hujja, kuma bel marar lakabi an daina aiki da shi. Sarƙar ɗagawa sai ta musamman mai daraja 80 ko 100, ba ta ɗaure kaya a bayan mota ba. Igiyar waya kuwa, dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta ce a cire ta idan aka samu karyayyun wayoyi goma a tsawon murɗa ɗaya (tsawon da tufka ɗaya ke zagaye igiyar sau ɗaya), ko biyar a tufka ɗaya cikin wannan tsawon. Ka tambayi mai horarwa ko yana zuwa da lalatattun samfura da ɗalibai za su taɓa su nemo aibin da kansu.

A ɓangaren tuƙi, duban farkon aiki ya kasance a ciki: gwada birki, ƙaho, maɓallin tsayawar gaggawa, harshen da ke rufe bakin ƙugiya, da makunnin iyaka na sama mai tsayar da ƙugiya idan ta kai ƙarshen hawa, wanda ake gwadawa a hankali ba tare da kaya ba. Makunnin nan kariya ce ta ƙarshe. Matuƙin da ya mayar da shi birkin yau da kullum zai cinye shi, ranar da ya ƙi aiki ƙugiya ta daki gangar da igiya ke naɗewa a kai, igiya ta tsinke. Ɗalibi ya koyi ɗaga kaya 'yan santimita ya tsaya, ya ga birki ya riƙe kuma kayan ba su karkata ba, kafin ya ci gaba. Ya san cewa jan kaya daga gefe yana fitar da igiya daga ramin ganga, kuma da zarar kayan sun bar ƙasa za su yi lilo zuwa ƙarƙashin ƙugiya, su daki duk wanda ke hanya. Ya san ba a wuce da kaya ta kan mutane, ana juya su da igiyar jagora maimakon tafin hannu, mutum ɗaya ke ba da ishara, amma ishara ta tsayawa ana binta daga kowa.

Takardar shaida da yarjejeniya

Takarda iri biyu ce: ta halarta da ta ƙwarewa. Ta farko tana nufin mutum ya zauna a aji. Ta biyu tana nufin ya ci jarrabawar rubutu, ya kuma ɗaura ya ɗaga ya ajiye a gaban mai jarrabawa. Tambaya ɗaya na raba su: me ke faruwa da wanda ya faɗi? Mai horarwar da ya ce kowa na ci a wurinsa takarda yake sayarwa.

Ka tambayi wane ma'auni aka gina kwas ɗin a kai. Ma'aunin ƙasa da ƙasa ISO 9926 ya shafi horar da matuƙa, na Amurka ASME B30.2 injunan sama, B30.9 maɗaurai. A Amurka shaidar NCCCO, hukumar da ke jarraba matuƙan injunan ɗaga kaya, tana aiki shekara biyar. A Birtaniya dokar LOLER ta 1998 ta wajabta cikakken bincike na maɗaurai duk wata shida, na injin kuma duk wata goma sha biyu. Dokar ƙasarka ce ke hawa kanka, don haka ka sa mai horarwa ya nuna maka a rubuce yadda kwas ɗinsa ya cika ta. Ko wace shaida mutum ya riƙe, kamfani ne ke ba shi izinin hawa injin, kuma izinin ya ambaci wane inji da iyakar nauyinsa.

A cikin yarjejeniya a rubuta sa'o'in aikin hannu na kowane ɗalibi, takardar sakamakon kowa da wuraren da ya gaza, da kuɗin sake jarrabawa. A sa shugabannin sashe cikin zaman aji ko da ba sa tuƙi, domin su ne ke cewa a yi sauri, kuma matuƙi ba zai iya ƙin ɗaga kaya ba idan na sama da shi bai san dalilin ba. A kuma amince tun farko kan lokacin sabunta horo: bayan kowane haɗari ko wanda aka tsallake da kyar, idan aka kawo sabon inji ko aka koma rimot daga akwatin rataye, da kuma idan mutum ya yi watanni bai taɓa injin ba.