Labarin ƙauyen Holashobitse, zuwa ga Yaya

Yaya salam, ya gida ya su Inna da yara, ya damina? Ka ce kullum hoton titi da mota nake turowa, in ba ka labarin ƙauyen mutanen nan tunda kai manomi ne, to ga shi.

Ranar asabar da ba aiki na shiga bas daga garin da nake, Ceske Budeyobitse a kudancin ƙasar Cek, zuwa wani ƙauye Holashobitse, kamar kilomita 15 ne ta yamma. Bas ɗin lokacin da aka rubuta a allo lokacin ya tashi, mu biyar ne kacal a ciki kuma bai tsaya jiran ya cika ba, ni fa har yau abin nan yana taɓa ni in na tuna zaman da muke a tasha tun hantsi ana jiran mutum ɗaya. Amma kuma ranar hutu motocin kaɗan ne ƙwarai, in ta wuce ka shikenan, ba ɗan acaɓa ba mai a daidaita sahu, sai dai ka taka.

Ƙauyen ƙarami ne, mutanensa ba su kai 200 ba. Fili ne dogo a tsakiya, tsawonsa mita 210 faɗinsa 70, gidajen manoma 23 sun kewaye shi duk suna kallon ciki, kowane da babbar ƙofa ta shigar amalanke da ƙarama ta mutane, ga rumbun hatsi na dutse a gefe, gonar lambu a baya. Tsakiyar filin akwai maƙera da ɗan ƙaramin coci da tafki. Tafkin nan na fi daɗewa a bakinsa wallahi, girmansa bai wuce kududdufin bayan gidanmu ba amma ba leda ko ɗaya a ciki, ina tsaye ina kallon kifi yana motsi. Duk yankin haka yake, ƙasa ce mai fadama da daji, sai kakanninsu suka tare ruwan suka yi tafkuna suna kiwon wani kifi da suke kira kapar, babban tafkin cikinsu Rojimberk an gama shi 1590 kuma har yanzu ana kamun kifi a ciki. Lokacin kirsimeti za ka ga kifin da rai cikin manyan bahuna a bakin titi ana sayarwa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne rubutu. Sun san an fara ambaton ƙauyen a takarda a 1263, a 1292 sarki Baslab na biyu ya ba da shi ga gidan ruhubanawa, wato masu zaman ibada na Kirista, na garin Bishi Brod, ka ga tun kafin zamanin sarki Yaji na Kano kenan, kuma yana hannunsu har 1848. Tsakanin 1520 da 1525 annoba ta shigo ta share garin, mutum biyu kawai suka rage, Allahu akbar, sai ruhubanawan suka kawo manoma daga Babariya ta Jamus da Ostiriya suka zuba a gidajen da suka zama kango. Jikokin waɗannan ne aka kora a 1946 bayan yaƙin duniya na biyu saboda Jamusanci suke yi, gidaje da yawa suka lalace, sai bayan 1990 aka gyara, 1998 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Gine-ginen da ake gani yanzu yawanci na ƙarni na 18 da 19 ne amma shatin garin na tun farko ne. Kuma Yaya ko yau in kana son sanin mai wata gona a ƙasar nan, lambar filin za ka sa a intanet ta nuna maka sunansa da iyakarsa kyauta. Na tuna shari'ar gonar Baba da muka yi shekaru muna yi a kan iyaka don dattijan da suka sani sun rasu, sai da idona ya kawo ruwa.

Kaya kuwa gaskiya ba komai suka fi mu ba. Dankalin turawa da madara da fulawa da araha, ruwan famfo ana sha kai tsaye, wuta tunda na zo ba ta ɗauke ba, kwalbar gilashi ma ta giyarsu in an mayar shago ana ba da koruna 3 na kuɗinsu shi ya sa ba ka ganinta a yashe. Amma burodinsu mai tsami ne da nauyi, attarugu 'yan ƙwaya a leda da tsada, gero da dawa sai ka sha nema, naman da ya fi yawa kuma na alade ne don haka kifi da ƙwai nake ci, in ina son naman halal sai na je Furag babban birninsu, tafiyar kusan awa biyu a jirgin ƙasa. Ba tayi a shago, ba bashi, ba wanda zai ce ɗauka ka kawo gobe. Gyara kuma shi ne tashin hankali, takalmina ya ɓalle na kai, kuɗin da aka faɗa ya kusa na sabo, alhali a gida mai gyara har ƙofa yake zuwa. Asibiti inshora ke biya amma ganin babban likita sai ka jira makonni. Da magariba kuwa ƙauyen ya yi tsit, ba mai shayi ba mai tsire, ba wanda zai ce maka sannu da zuwa ya kawo tabarma.

Don Allah in an samu mai tahowa a haɗo min da kuka da daddawa da yajin Inna, a ɗaure sosai a leda biyu. Maganar kududdufin nan kuma ka yi wa mai unguwa, in za a yashe shi kafin wata damina ni zan biya kuɗin leburori. A gaida kowa da kowa.