Nike Vaporfly 3: takalmin ranar tsere ne, ba na atisayen kullum ba

Nike Vaporfly 3, wanda ya shigo kasuwa a shekarar 2023 a kan dala 250, takalmi ne da aka ƙera domin aiki guda ɗaya tak, wato tseren nesa a kan kwalta, tun daga kilomita 10 har zuwa gudun fanfalaki mai tsawon kilomita 42 da mita 195. Duk wanda ya saye shi da wannan niyya, kuma ya riga ya horar da jikinsa, zai ga amfanin kuɗinsa. Wanda kuwa ya saye shi domin zagayen unguwa na kowace safiya, to zai kashe takalmin tun kafin ranar da zai buƙace shi ta zo.

Abin da mutum zai fara lura da shi idan ya ɗauke shi a hannu shi ne rashin nauyi. Ƙafa ɗaya ta maza mai matsakaicin girma ba ta wuce kimanin giram 200 ba, alhali takalman atisaye na yau da kullum sukan kai giram 280 zuwa 300. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin masu binciken motsa jiki sun daɗe da nuna cewa ƙarin giram 100 a kan kowane takalmi yana ƙara wa mai gudu kusan kashi 1 cikin 100 na iskar da jikinsa yake buƙata. Sai dai a ganina masu saye suna ba wa nauyi muhimmancin da ya wuce kima. Tsofaffin takalman tsere, masu siririn tafi kamar fata, ba su fi wannan nauyi ba, wasunsu ma sun fi shi rashin nauyi, amma an daina cin manyan gasanni da su. Ƙarfin Vaporfly yana cikin tafinsa ne.

Tafin ya ƙunshi abubuwa biyu. Akwai soso mai kauri da kamfanin yake kira ZoomX, wanda aka yi da wani nau'in roba mai suna Pebax, ga taushi, ga rashin nauyi, kuma yana mayar wa ƙafa mafi yawan ƙarfin da ta danna shi da shi. A tsakiyar soson kuma an shimfiɗa wani lanƙwasasshen faifai na zaren kabon, daga dunduniya har yatsu, wanda yake hana soson karkacewa, yana kuma rage lanƙwasar yatsun ƙafa a kowane taku. Mutane da yawa sun ɗauka faifan ne yake cilla mai gudu gaba, amma soson ne yake yin babban aikin, faifan yana daidaita shi ne. A ƙafa, abin da ake ji shi ne takalmin yana mirgina mutum zuwa gaba da zarar ya ɗora nauyinsa a kan gaban ƙafa, kuma bayan dogon gudu tsokokin ƙwauri da cinya ba sa yin tsamin da aka saba.

Asalin wannan tsari ya koma shekarar 2017, lokacin da Eliud Kipchoge na Kenya ya yi gudun fanfalaki cikin awa 2 da sakan 25 sanye da takalmin Nike mai irin wannan tafi a filin tseren motoci na Monza da ke Italiya, kuma a shekarar ce samfurin farko ya fito da sunan Vaporfly 4%. Lambar ta samo asali ne daga wani bincike da aka yi a Jami'ar Colorado da ke Amurka, wanda ya nuna cewa takalmin yana rage ƙarfin da ake kashewa wajen gudu da kimanin kashi 4 cikin 100. A nan ya kamata mai saye ya natsu, domin ragin ƙarfin da ake kashewa daban, ragin lokacin kammala tsere daban, kuma na biyun bai kai na farkon ba. Haka nan an yi gwajin ne da ƙwararrun masu sauri. Amfanin yana raguwa ga mai gudu a hankali, sannan ba kowane jiki ne yake karɓar takalmin daidai da wani ba.

Ta fuskar doka babu abin fargaba. Tun watan Janairun 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya, World Athletics, ta ƙayyade cewa kaurin tafin takalmin tseren kan titi kada ya wuce milimita 40, kuma kada faifai mai tauri ya wuce ɗaya. Vaporfly 3 yana cikin wannan iyaka, kuma dundunuyarsa ta fi gabansa tudu da milimita 8. Ba wasa ake yi da dokar ba, domin a shekarar 2021 an ƙwace nasarar Derara Hurisa na Habasha a gudun fanfalakin birnin Biyana na ƙasar Austriya bayan an gano tafin takalminsa ya kai santimita 5, wato milimita 50.

Saman takalmin saƙa ce mai ramuka da yawa, har ana hango safa ta ciki. Ga mai tsere a wuri mai zafi da gumi, kamar gudun fanfalakin Legas da ake yi a watan Fabrairu, wannan babbar riba ce, domin iska tana shiga kuma saƙar ba ta riƙe ruwa. Amma kamar yadda iska take shiga, haka ƙura da yashi suke shiga.

Rauninsa na farko shi ne ƙarancin ƙarko, kuma ba kuskuren ƙira ba ne, farashin rashin nauyin ke nan. An sirance baƙar robar da ke taɓa ƙasa domin a ƙara soso, a wasu wuraren ma soson ne tsirara yake taka kwalta. Titin burji, tsakuwa da fasasshiyar kwalta suna cin sa da sauri, kuma ko a kan titi mai kyau, soson yana rasa tsallensa bayan 'yan ɗaruruwan kilomitoci, tun saman yana nan kamar sabo. Rauni na biyu shi ne dunduniyar siririya ce, ga tudu, ga taushi, saboda haka wajen shan kwana mai kaifi ko taka rami, idon sawu yana iya gocewa, musamman idan gajiya ta kama mutum ya fara sauka da dunduniya. Mai faɗin ƙafa kuma zai ji ya matse shi ta tsakiya. Shi ya sa ya dace a gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a yi tseren da ita, a bar tazarar kusan faɗin babban yatsan hannu a gaba, sannan a yi atisaye mai sauri da shi sau kaɗan kafin ranar gasa domin agara da tsokar bayan ƙwauri su saba da taurin faifan.

Wannan magana ta ƙarko ita ce ta sa ba na ba kowa shawarar sayen sa a gwanjo, duk da cewa sauƙin farashin yana jan hankali. A takalmin fita unguwa ana duba fata da ɗinki ne, amma a wannan abin da ake biyan kuɗi dominsa yana ciki, ido ba ya ganin mutuwarsa, kuma mai sayarwa bai san kilomita nawa mai shi na farko ya ci da shi ba. Jabu ma ya yi yawa, kuma yakan zo da launi da tambari daidai, sai dai soson na roba ce ta gama-gari. Takalmin gaske ba ya lanƙwasuwa cikin sauƙi idan aka kama shi da hannu biyu, kuma farashin da ya yi ƙasa sosai da na kamfani shi kansa gargaɗi ne.

Ga wanda yake neman rage mintuna a rabin fanfalaki ko cikakkensa, kuma yana da wani takalmin na atisaye daban, Vaporfly 3 ya cancanci kuɗinsa, balle yanzu da Vaporfly 4 ya fito a 2025 kuma tsohon samfuri yakan sauka a farashi. Mai nauyin jiki ko mai faɗin ƙafa zai fi samun natsuwa da Adidas Adizero Adios Pro 3, wanda ya ɗan fi nauyi amma tafinsa ya fi faɗi, robarsa ta kamfanin taya na Continental kuma ta fi jure kwalta. Wanda kuɗinsa na takalmi ɗaya ne kacal, kuma da shi zai yi atisaye da shi zai shiga gasa, gara ya duba Saucony Endorphin Speed, mai faifan nailan a maimakon kabon, domin ya fi araha, ya fi sauƙi ga ƙafa, kuma zai daɗe yana aiki.