Na'urar auna sanyi, ɗakin sanyi ko manhaja: wanne za ka fara saya?

A shekarar 2020, da dokar kulle ta annobar korona ta rufe gidajen abinci da makarantu, manoma a Amurka sun riƙa zubar da madara, a Beljiyam kuwa dankalin turawa ya yi ta taruwa har aka roƙi jama'a su ƙara cinsa. Abincin yana nan, hanyarsa ce ta toshe. Tun kafin annobar ma, hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin ɗari na abinci yana salwanta tsakanin gona da kanti. To ɗan sari ko hukumar birni mai ɗan kuɗi a hannu, ina za a fara sa shi don rage wannan asara?

Abin da masu talla suka fi kawowa shi ne manhajar hasashen ciniki. Tana duba abin da ka sayar a baya, ta gaya maka yawan kayan da za ka ɗauko gobe. A lokacin zaman lafiya tana da amfani ƙwarai. Amma da cinikin bara take lissafi, ranar da aka kulle gari kuwa bara ba ta san komai ba. Idan za ka saya, tambayi mai sayarwa ko za ka iya gyara lissafin da hannunka. In ya fara kame-kame, bar masa kayansa.

Ni da na'urar auna sanyi zan fara. Iri biyu ce. Akwai 'yar ƙarama mai araha da ake jefawa cikin kwali, tana rubuta zafi da sanyi, sai an sauke kaya a karanta. Wannan shaida kawai take ba ka bayan ɓarna ta auku. Ɗayar tana aiko saƙo a waya nan take. Ka ɗauka mota ta maƙale a shingen bincike awa shida, injin sanyinta ya mutu, direba yana barci a gaba: saƙon nan ne zai sa ka juya kayan zuwa sito mafi kusa. Ta fi tsada, tana kuma son intanet da kuɗin wata-wata, sai ka haɗa da su a lissafi.

Ɗakin sanyi shi ne babban jari, kuma nan ake yawan kuskure. Madara da nama suna son digiri 4 ko ƙasa, ayaba kuwa tana baƙi in ta sauka ƙasa da 13. Ɗaki guda ba zai gamsar da su duka ba. Nemi mai ɓangarori, ko ka fara da haya kafin ka gina, ka kuma tabbata akwai mai gyara a kusa ko da an hana zirga-zirga.

Manhajojin sayar da rara irin su Too Good To Go ba sa cin jari mai yawa, sai dai kayan da ya kai kanti kaɗai suke cetowa, kuma suna buƙatar mai zuwa ɗauka. Wanda ya ruɓe a hanya ba ruwansu da shi.