Shafin intanet na mai ɗaukar hoto a Yamai: ka gina da kanka ko ka ba mai gini?

Kafin a zo maganar kuɗi, mai hoto ya fara tambayar kansa: wa zai buɗe shafin nan? Hajiyar da za ta aurar da ɗiyarta a Yantala ba ta shiga Google neman mai ɗaukar hoto. Ƙawarta ce za ta tura mata lamba a WhatsApp, ta leƙa Facebook ko TikTok ta ga aikinka, ta kira. Idan duk cinikinka aure ne da suna da hoton katin shaida, to WhatsApp Business da kundin kayansa, da shafin Facebook, da sa studiyonka a taswirar Google sun ɗauke maka mafi yawan nauyin, kuma ba ka biyan ko dala. Shafin intanet yana fara mayar da kuɗinsa ne ranar da ka soma neman aikin ƙungiyoyin agaji, kamfanoni, otal-otal, ko tarukan Palais des Congrès da cibiyar Mahatma Gandhi. Irin waɗannan su ne masu cewa ka turo takardar farashi, da lambar haraji ta NIF, da adireshin da za su ga aikinka. A wajensu, mai shafi da imel mai ɗauke da sunan studiyonsa ya sha gaban wanda ya turo hotuna ashirin ta WhatsApp.

Idan kana cikin masu buƙata, ka sani abu uku ake saya, ko da an haɗa maka su a farashi ɗaya. Akwai sunan shafi, wato adireshin da ke ƙarewa da .com ko .ne na ƙasarmu. Akwai masauki, wurin da hotuna da rubutu ke zaune a kwamfutar wani kamfani. Sai ginin kansa. Biyu na farko haya ce, kowace shekara sai an sabunta. Ginin ne kaɗai ake biya sau ɗaya, shi ma yana da gyara. Don haka kada ka gwada farashin rana ɗaya, ka gwada na shekara uku.

Lissafin ba wuya, tunda sefa a ɗaure take da euro: euro 1 kusan sefa 656. Sunan .com yana kaiwa euro 10 zuwa 15 a shekara, wato jika 7 zuwa 10 (jika ɗaya sefa dubu ce). Wannan kowa zai biya, kowace hanya ya bi.

Gini da hannunka a Wix ko Squarespace

Nan ne mafi sauƙi. Ka zaɓi fasali, ka jawo hoto ka ajiye, ka canja rubutu, masauki da tsaro duk suna ciki. Wanda ya iya Lightroom, manhajar gyaran hoto, zai tsayar da shafi mai fuska biyar cikin dare uku ko huɗu. Wix yana da tsarin kyauta, amma da tallarsu a saman shafinka da sunansu a cikin adireshinka, abin da bai dace a rubuta kan takardar farashi ba. Squarespace gwajin kwana 14 yake bayarwa, daga nan sai biya. Farashinsu yana canjawa, amma a ce euro 15 a wata: euro 180 ke nan a shekara, jika 118. Shekara uku jika 354, ka ƙara kuɗin suna na shekara biyu, tunda ta farko sukan ba da ita kyauta ga mai biyan shekara. Ka doshi jika 375.

Matsala biyu ke tattare da su. Ta farko, gidan haya ne da ba a tashi da tubali. Shafin da ka gina a Wix ba ya ɗaukuwa zuwa wani masauki, ranar da ka gaji da biya sai sabon gini. Ta biyu ita ce biyan kuɗin. Katin Visa ko Mastercard suke nema, ba Airtel Money ko Moov Money ba, balle NITA ko Amana. Akasari ana sayen katin banki irin wanda ake loda wa kuɗi, kuma a nan ake tuntuɓe: ranar sabuntawa ta zo, katin babu kuɗi ko ya ƙare aiki, saƙon gargaɗi ya tafi imel ɗin da ba a buɗewa, shafi ya mutu ba ka sani ba sai abokin ciniki ya faɗa maka.

Wanda ke biyan Lightroom na halal ya duba Adobe Portfolio, yana cikin kuɗin da yake biya. Ba shi da ƙawa da yawa, amma don nuna hoto ya isa. Masu aiki da Lightroom na bayan fage, wannan ƙofa a rufe take gare su.

WordPress: arha a aljihu, tsada a lokaci

Manhajar WordPress kyauta ce. Abin da kake biya masauki ne a kamfanoni irin OVH, LWS ko Hostinger, euro 3 zuwa 8 a wata. A ce euro 5: jika 40 a shekara, da suna jika 10, shekara uku jika 150. Idan ka sayi fasali na kuɗi ka ƙara kamar jika 35, amma na kyauta irin Astra ko Kadence suna yin aikin. Ka lura da farashin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe: na shigowa ne, kuma sau da yawa sai ka biya shekaru da dama a dunƙule kafin ka same shi. Na sabuntawa, wanda ke ƙasa da ƙananan baƙaƙe, yakan ninka. Shi za ka sa a lissafi.

Ginin naka ne, kana iya kwashe shi zuwa wani masauki duk ranar da ka so. Sai dai kai ne magini, kai ne mai gadi. Sabon shiga kada ya sa ran ƙasa da mako biyu ko uku na zaman dare, kuma kada ya fara a Afrilu ko Mayu lokacin da zafi ke sa wuta yawan yankewa, ko ana gab da Sallah da aiki ya yi masa yawa. Bayan gini, kowane wata sai ka shiga ka sabunta manhajar da ƙarin kayan da ka ɗora mata. Wanda ya bar su wata shida, wata rana zai buɗe shafinsa ya tarar yana kai mutane wajen tallar caca. Maganin shi ne ƙarin kaya kaɗan, biyar ko shida, da kalmar sirri mai tsawo, da UpdraftPlus na kyauta yana kwafe shafin zuwa Google Drive kowane mako.

Nauyin hoto, inda kowa ke faɗuwa

Ko wa ya gina, wannan ne ke raba shafin da ake kallo da wanda ake rufewa. Kyamara mai megafiksel 24 tana fitar da hoto 6000 da 4000, nauyinsa wajen mega 10. Ka ɗora talatin a fuskar farko, mega 300 ke nan. Yanzu ka dubi mai neman aikinka: tana cikin taksi daga Harobanda za ta haye gada, waya a hannu, rezo yana hawa yana sauka, forfen da ta saya bai fi na kwana ɗaya ba. Hoton farko ya fara sauka layi-layi daga rawanin ango, bai kai haɓa ba ta rufe. Ba za ta ce shafinka ya yi nauyi ba, wani mai hoton za ta kira.

Gyaran a Lightroom yake, wajen fitarwa: dogon gefe fiksel 1600 zuwa 2000, inganci 75 zuwa 80, tsarin launi sRGB. Hoton zai dawo kamar kilobayit 250, talatin ɗin su zama mega 7 da rabi, nauyi ya ragu sau arba'in, kuma a fuskar waya ido ba ya ganin bambanci. Shafin Squoosh na kyauta yana mayar da su nau'in hoto na WebP su ƙara sauƙi. Maganar sRGB ba wasa ba ce: hoton da aka fitar da Adobe RGB yakan fito a dushe a wasu wayoyi, jan lalle ya koma ruwan ƙasa, shuɗin shadda ya yi fatsi-fatsi. A allon fitarwa na Lightroom kuma ka danna a cire bayanin wuri, don hoton da aka ɗauka da waya ko da kyamara mai GPS yana iya nuna daidai gidan da aka yi bikin.

Kuma ka rage yawa. Goma sha biyu zuwa ashirin mafi kyau a kowane fanni sun isa. Hotuna 400 na biki guda, masu mega 8 kowanne, sun haura giga 3, ba a shafinka za su zauna ba. Ka miƙa su ta Google Drive mai giga 15 da yake rabawa da Gmail ɗinka, ko, idan ba su wuce giga 3 ba, ta Pixieset, shafin miƙa hotuna wanda ke ba da giga 3 kyauta da kalmar sirri.

Wani abin da ba ya cikin farashi amma yana iya fin komai tsada: izini. Amaryar da ta yarda ka ɗauke ta ba ta yarda duniya ta gan ta ba, mijinta da iyayenta ma haka. Ka sa layi ɗaya a takardar yarjejeniya, a zaɓi hotunan da aka amince a nuna, a sa hannu. Hoton mutum yana cikin bayanan da doka ta kare, akwai hukumar HAPDP don haka, amma tun kafin a kai can, rigimar dangi kaɗai ta isa ta rufe maka ƙofar unguwa guda.

Ba wa mai gini

Ba a da tsayayyen farashi a Yamai. Ɗalibin jami'a da kamfani mai ofis a Plateau ba za su faɗi kuɗi ɗaya ba, kuma mai tsadar ba dole ya fi iyawa ba. Mu ɗauki misali kawai: ya ce jika 250 gini, jika 60 sabuntawa kowace shekara daga ta biyu, jika 10 duk sanda ka kira shi ya canja hotuna. Idan sau shida kake kira a shekara, shekara uku ta tashi jika 550, fiye da ninki biyu na abin da aka faɗa maka ranar farko. Kuɗin canja hotunan nan shi ne ɗigon da ke cika tulu, kuma ana toshe shi da zaman awa biyu ya koya maka ɗorawa da kanka. Ka sa wannan zaman cikin ciniki. Idan kamfani ne mai ba da rasit, ka tambaya ko harajin TVA na kashi 19 cikin 100 yana ciki.

Abin da kake saya a wajensa lokaci ne da kwanciyar rai, kuma ga mai hoton da Asabar da Lahadinsa a cike suke da biki, ciniki ne mai kyau. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: sunan shafi da sunanka, da imel ɗinka, a asusun da kai ke riƙe da kalmar sirrinsa. Wannan ita ce takardar fili. Mai gini zai ce, “Maigida, bar ni in saya a asusuna, ya fi sauri.” Amsar ita ce, “Malam, zauna mu buɗe nawa yanzu, minti goma ne.” Ba sai yana da mugun nufi ba. Yana iya tafiya karatu waje, ya canja lamba, ko ya manta ranar biya. Sunan .com da ya ƙare yana da ɗan wa'adin sabuntawa, sannan kwana 30 na fansa a kan kuɗi da ya ninka na asali sau da yawa, daga nan a sake shi kasuwa kowa ya saya. Katunanka da allon studiyo da takardun da ka raba duk sun zama banza. Ko yana nan ma, sunan da aka saya sabo ba ya ƙaura zuwa wani kamfani sai bayan kwana 60, kuma sai ya ba ka lambar ƙaura.

Ka tambaye shi inda ya samo fasalin. Idan na kuɗi ne, ya nuna rasit. Fasalin sata da ake saukewa kyauta ba ya karɓar sabuntawa, kuma sau da yawa da ƙwayar cuta a cikinsa yake zuwa. Kwaɗon tsaro na https kuwa, Let's Encrypt kyauta yake ba da shi, yawancin masaukai suna kunna shi da kansu, kada a rubuta maka shi a matsayin kaya na daban. Haka kada ka yarda a ɗora maka tsarin biya da kati a shafin. Abokan cinikinka kafin alƙalami ta waya suke turowa. Abin da kake buƙata maɓalli ne babba mai kai mutum WhatsApp: wa.me/227 sai lambobinka takwas, ba alamar tarawa, ba tazara.

Rubutun shafin da Faransanci za a yi tunda ofisoshi ake nema, amma idan za ka sa Hausa, ka gwada ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kafin ka amince da salon baƙaƙen. Wasu salo ba su da su, sai su fito kamar akwati. Noto Sans yana da su duka.

Wanne ke nan? A ganinmu, mai studiyo shi kaɗai da ke son shafi cikin mako guda kuma yana da kati, ya bi Squarespace ko Adobe Portfolio ya huta. Mai haƙuri da kwamfuta da ke ƙirga kowace jika ya bi WordPress. Wanda aikin ofisoshi ya fara shigo masa ya ba mai gini, amma a kan WordPress, don ko sun rabu wani zai iya ɗorawa daga inda aka tsaya.

Idan mai gini ka zaɓa, kuɗin a raba uku: kashi 40 a fara, 30 idan ka ga fasali da hotunanka a ciki, 30 ranar miƙa makulli. Ranar nan kada ka duba a kwamfutarsa da wifi na ofishinsa. Ka fito waje, ka buɗe a wayarka da forfe, ka danna maɓallin WhatsApp ka ga ko lambarka ce ta fito. Ka shiga asusun suna, da na masauki, da na WordPress ɗaya bayan ɗaya, ka canja kalmomin sirri a gabansa, ka ɗora hoto ɗaya da hannunka. Sannan ka duba ranar da suna da masauki za su ƙare, ka sa wa wayarka tuni wata guda kafin ranar, sai ka miƙa masa sauran kuɗinsa.