A-kori-kura mai ƙofa huɗu a matsayin motar iyali: a fara da kujerar baya

Hilux, Ranger, D-Max, Triton da Navara duk an ƙera su ne da tunanin kayan da za a loda a baya, daga bisani aka ƙara musu ƙofofi biyu da kujerar mutum uku. Wanda ya daɗe yana amfani da ɗayansu wajen kai yara makaranta da zuwa aiki da tafiyar ƙarshen mako ya san cewa abin da ake tallatawa, wato ƙarfin inji da nauyin da mota ke iya ja, ba shi ne iyali ke fama da shi kullum ba. Abin da suke ji a jikinsu shi ne kujerar baya, da sifirin ɗin da ke ƙarƙashinta, da wahalar neman wurin da mota mai tsawon mita 5.3 za ta tsaya. Saboda haka ni a ganina duk gwajin da aka fara shi daga kujerar direba an fara shi a baibai.

Ka daidaita kujerar direba yadda kake tuƙi, sannan ka fita ka zauna a bayanta. Tazarar gwiwa takan ishi babban mutum a yawancinsu. Matsalar tana wurin jingina da ƙasan mota. Bangon ɗakin fasinja yana manne da bayan kujera, don haka majinginar a tsaye take ƙiƙam, kuma a yawancin waɗannan motoci ba ta kwantawa ko kaɗan. Ƙasan kuma yana da tudu domin shasi na ƙarƙashinsa, sai gwiwa ta ɗaga sama, cinya ta rasa inda za ta huta. Minti goma ba ya nuna wannan, sai an yi awa biyu a hanya. A duba ko akwai kafar sanyin esi ta baya, domin ƙananan samfura da dama ba su da ita, kuma yaran da ke baya su ne ke kusa da babban gilashin da rana ke duka.

Mai ƙananan yara ya je da kujerar yaransa ta gida ya ɗaura ta da hannunsa kafin ya biya. Maƙalan ISOFIX, wato ƙarafan da ake maƙala kujerar yaro a jikinsu, galibi biyu ne, a gefen dama da hagu, babu a tsakiya. Inda ake shan wahala shi ne igiyar sama da ke hana kujerar yaro tuntsurawa gaba idan aka taka birki da ƙarfi. A ƙaramar mota maƙalinta na nan a fili bayan kujera. A a-kori-kura wani lokaci sai ka janyo majinginar gaba, ka maƙala, ka mayar, sannan ka ga igiyar ta saki, ka sake farawa. Wasu kuma madaukin zare ne a saman kujera wanda ake zura igiyar ta cikinsa zuwa maƙalin tsakiya. Kowanne na aiki idan an bi littafin mota, amma wanda zai riƙa cire kujerar duk mako ya kamata ya san irin wanda ya saya. Kujerar jariri mai kallon baya kuwa takan tura kujerar fasinja ta gaba har gwiwar mai zama ta taɓa dashbod. Kujerun yara uku a jere ba kasafai suke shiga ba.

Sai sifirin. Hilux, D-Max, Triton da yawancin Ranger suna da sifirin na falle-falle a baya, wato faifan ƙarfe da aka jera ɗaya kan ɗaya, an yi su don ɗaukar kusan tan guda. Idan babu kaya, nauyin da ke kansu bai kai ya lanƙwasa su ba, sai bayan motar ya riƙa tsalle a kan gargada da tudun rage gudu, kuma masu zama a baya su ne suka fi jin jijjigar. Wannan tsalle ba lalacewa ba ce, kuma sauya shokabzoba kaɗai ba ya kawar da shi. Abu biyu ke rage shi. Na farko iskar taya: takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba tana da awo biyu, na mota babu kaya da na mota cike, kuma bambancinsu a tayoyin baya yakan kai PSI 6 ko fiye. Mutane da yawa suna yawo da awon cikakken lodi a motar da ba ta ɗauke da komai, sannan su ce motar ta yi tauri. Na biyu, ɗan nauyi na dindindin a baya, kamar kilo 100 zuwa 150, yana kwantar da ita sosai, muddin an ɗaure shi gaba da aksil ko a kansa, ba can bakin ƙyaure ba.

Akwai waɗanda suka bar wannan tsari. Navara ƙirar D23 mai ƙofa huɗu ta zo da sifirin mai murɗe a kasuwanni da yawa, kuma ta fi laushi idan babu kaya, sai dai na farko-farko sukan durƙusa ta baya da an loda musu nauyi, abin da ya sa kamfanin ya sake musu sifirin daga baya. Toyota Tacoma ta 2024 ma ta koma sifirin mai murɗe a yawancin samfuranta masu ƙofa huɗu. Honda Ridgeline, wadda aka fi sayarwa a Arewacin Amurka, ba ta da shasi dabam, bodinta ɗaya ne kamar na motar gida, kuma ita ce ta fi kowacce daɗin zama, har da ɓoyayyen but mai kulle a ƙarƙashin wurin kaya. Abin da ta rasa shi ne ja, kimanin kilo 2,270 kawai, da juriya a mummunar hanya. Iyalin da ba ya barin kwalta bai yi asarar komai ba idan ya zaɓe ta.

Batun inji ya rataya ne a kan tsawon tafiyarka ta yau da kullum. Dizal na zamani yana da daɗin tuƙi: injin Hilux mai lita 2.8 yana ba da ƙarfin murɗawa na Nm 500 da giyar otomatik tun gyaran 2020, V6 mai lita 3.0 na Ranger yana kai Nm 600, kuma a haɗaɗɗiyar tafiya yawancinsu sukan sha lita 8 zuwa 11 a kilomita 100, da tankin lita 75 zuwa 80. Amma a inda dokar hayaƙi ta yi tsauri, an saka musu matatar toka a cikin salansa, wadda ake kira DPF. Tana tara baƙin hayaƙi, sannan lokaci-lokaci inji ya ƙara mai don zafin salansa ya kai kusan digiri 600 ya ƙone shi. Wannan ƙonawar na buƙatar tafiya marar yankewa ta minti 20 zuwa 30. Motar da aikinta kilomita huɗu ne zuwa makaranta da dawowa, inji bai ko yi zafi ba an kashe shi, ba ta samun wannan dama. Matatar ta toshe, fitila ta kama a dashbod, ƙarfin mota ya ragu. Abin da ya fi wannan muni ba a ganinsa: man da ake ƙarawa don ƙonawar da ba ta kammala ba yana zurarewa cikin baƙin mai ya tsinka shi. Idan ka zaro sandar awon baƙin mai ka ga ya hau sama da inda aka zuba shi, to abin da ke faruwa ke nan. Mai irin wannan gajeriyar zirga-zirga ya nemi mai fetur, kamar 2.7 na Hilux, wanda ba shi da kuzari kuma yana shan mai fiye da dizal amma ba ya da wannan rigima, ko kuma ya ɗauki alkawarin hawa babbar hanya sau ɗaya a mako.

Dizal ɗin nan kuma ba sa yafe gurɓataccen mai. Famfo yana tura mai zuwa nozul da matsin da ya kai bar 2,000, kuma man ne da kansa ke shafe ƙarafan ciki, don haka ruwa kaɗan a tanki ya isa ya cinye famfo da nozul huɗu. Idan fitilar ruwa a filtar mai ta kama, a tsaya a tsiyaye shi a ranar. Baƙin mai ma dole ya zama mai ƙarancin toka wanda littafin mota ya ambata. Wannan ya fi muhimmanci a injin 2.0 na Ranger da ya zo da bel ɗin taimin mai gudu a cikin baƙin mai: man da bai dace ba, ko wanda ya wuce lokacinsa, yana sa bel ɗin ya riƙa zubar da ɓarɓashi, ɓarɓashin ya toshe ragar famfon baƙin mai, inji ya ƙone da ƙishi. Injinan Hilux na 2.4 da 2.8 da na D-Max sarƙa suke da ita a madadin bel, wannan damuwar ba ta shafe su ba.

Ja da tayoyi huɗu wuri ne da ake yawan yin ɓarna cikin rashin sani. Tsarin da ke Hilux da D-Max na wucin gadi ne: a 4H, wato idan aka sa giyar ja huɗu, gaba da baya suna kulle wuri guda, suna juyawa daidai wa daida. A laka ko yashi hakan ake so. A busasshiyar kwalta kuwa, tayoyin gaba na bin hanya mafi tsawo a kwana, babu inda bambancin zai fita, sai ƙarfin ya taru a furofela da akwatin raba giya, sitiyari ya yi nauyi, tayoyi su riƙa kuka. Ke nan a kan kwalta dole a cire ja huɗu, motar ta riƙa ja da tayoyin baya kaɗai, kuma bayan babu nauyi, shi ya sa take saurin zamewa idan aka taka totur a jiƙaƙƙiyar kwana. Super Select na Triton da tsarin 4A na wasu Ranger sun warware wannan, domin ana iya barin su a ja huɗu a kan kwalta cikin ruwan sama. Ga motar da ke ɗauke da yara, na fi ba wannan daraja a kan ƙarin ƙarfin doki hamsin.

Lissafin nauyi na da tarko. Tan guda da ake faɗa ya haɗa da mutanen da ke ciki da duk abin da aka ɗaura bayan fitowar mota daga masana'anta. A ce an yarje wa mota kilo 3,100 gaba ɗaya, ita kanta tana da 2,150, saura 950. Mutum biyar sun ci 350, rumfar baya da matakala da ƙarfen gaba sun ci wajen 150, saura 450. Idan aka maƙala tirela mai kilo 3,500, kusan kashi goma cikin ɗari na nauyinta, wato 350, yana danne ƙugiyar baya, ya rage kilo 100 kacal na jakunkuna. Akwai kuma iyakar mota da tirela a haɗe, wadda a da yawansu take kusa da kilo 6,000. Ba a samun cikakken ja da cikakken lodi a lokaci guda.

Wurin kaya na baya, mai tsawon kusan mita 1.5, ba but ba ne. Ruwa na shiga, rana na duka, kowa na iya miƙa hannu. Ko an sa murfi mai naɗewa, ƙura na shigowa ta gefen ƙyauren baya, domin iskar da ke bin mota tana tsotso ta ciki, sai an liƙa robar toshe kafa. Keken jariri da jakar makaranta suna zamewa har can gaba inda hannu ba ya kaiwa, don haka akwati mai ɗaurewa ko shingen raba wuri ya zama dole. A ƙiyasta kuɗin murfi, shimfiɗar roba da matakala tun kafin ciniki, domin babu iyalin da ke ɗaukar wata uku bai saye su ba. Kuma kada a ɗauki mutum a can, babba ko yaro, komai kusancin tafiya.

Girman motar na da nasa haɗarin a ƙofar gida. Bonet ɗin yana da tsawo, ƙyauren baya ya fi shi, yaro ɗan shekara uku na iya tsayawa a gaba ko a baya direba bai gan shi ba. Kyamarar baya da na'urar ƙara idan an kusanci abu ba ado ba ne a nan, kuma mai kyamarar kewaye ta fi. Juyawa na cin mita 12 zuwa 13. A auna gareji da ma'auni, a bar wurin sauke ƙyaure. Ta fuskar kariya a haɗari, sababbin sun yi wa tsofaffin nisa: D-Max ƙirar 2019 da Ranger ƙirar 2022 duk sun sami taurari biyar a gwajin haɗari na Turai, wato Euro NCAP, amma suna ɗaya na iya zuwa da jakar iska bakwai a wata ƙasa, biyu a wata. A ƙirga na motar da ke gabanka, a tabbatar akwai na labule da ke kare kan masu zama a baya.

Idan aka ce in jera su don iyali, Ranger ta fi daɗin tuƙi da shiru a ciki, amma tana son kulawa a kan lokaci. D-Max injinta na da ƙara, sai dai ba ta da rikici. Hilux ta fi su tauri a baya da matsin kujera, ta fi su sauƙin samun kayan gyara da riƙe daraja. Triton mai Super Select ita na fi natsuwa da ita a jiƙaƙƙiyar hanya.

Mai sayen ta hannu ya tsaya daga gefe ya dubi tazarar da ke tsakanin ɗakin fasinja da wurin kaya. Ya kamata ta zama daidai daga sama har ƙasa. Idan ta buɗe ta sama kamar baki, an taɓa loda nauyi can bayan aksil har shasi ya lanƙwashe, kuma wannan ba gyaran da za a amince wa yara a kansa ba ne. Ya shiga ƙarƙashi da tocila ya ƙwanƙwasa shasi kusa da maƙalan sifirin don jin tsatsa, ya dubi ramin ƙugiyar ja ko ya cinye, sannan ya sa bakanike ya jona kwamfuta ya karanta yawan tokar da ke cikin DPF da kilomita nawa aka yi tun ƙonawarta ta ƙarshe.